Samari, ba ɗaukar bindiga ne jarumtar ba

'Yan'uwana matasa, yanzu da an ga saurayi rataye da bindiga sai a hau yi masa kirari, wai namijin duniya. To ku zauna ku ji labarin Francis Marion, jagoran 'yan sa-kai a yaƙin da Amurka ta yi don ƙwatar kanta daga hannun Ingila.

Manomi ne ɗan Karolina ta Kudu, mai ƙaramin jiki, ba ya shan giya. Shi ya sa ma da wani mai gida ya kulle ƙofa a wurin walima don a sha a bugu, Marion ya diro ta taga ya karya idon sawu. Yana can ƙauye yana jinya Turawan Ingila suka ci birnin Charleston a watan Mayu 1780, suka kame sojoji kusan 5,000. Karaya ta zame masa alheri.

Daga nan ya shige fadama da mutane 'yan kaɗan, ba albashi, kowa da dokinsa, abinci sai dankali. Su kai farmaki da dare, kafin gari ya waye sun ɓace. Kanar Tarleton na sojan Ingila ya bi sawunsa sa'o'i 7 a watan Nuwamba 1780, ya gaji ya juya. Daga wannan ne aka laƙaba masa Dilan Fadama.

Na san nan ne ke burge ku. Amma ku dubi abin da ya hana yaransa. Yaƙin nan na maƙwabci da maƙwabci ne, domin da yawa cikin mutanen yankin na bayan sarkin Ingila, kowa kuma da tsohuwar gabarsa. Marion ya hana kwasar kayan jama'a, ya hana ƙona gidaje don ramuwa. Da Janar Sumter, wani jagoran mayaƙan Amurka, ya fito da tsarin biyan sabbin mayaƙa da bayin da aka ƙwace daga magoya bayan Ingila, Marion ya ce shi ba da shi ba. Ku da kuke ɗokin shiga sa-kai don tsare garinku, ranar da aka kamo wanda kuke zargi, wa zai iya riƙe hannunku? Ku ma za ku iya riƙe na abokinku?

Kada dai ku mai da shi waliyyi. Shi kansa yana da bayi a gonarsa, kuma a 1761 yana cikin rundunar da ta ƙone garuruwa da gonakin Cherokee, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar Amurka.

Bayan yaƙi ya zama ɗan majalisar dattawan jiharsa, ya nemi a sassauta wa waɗanda suka goyi bayan Ingila. Da aka kawo dokar da za ta kare shugabannin mayaƙa daga ƙarar abin da suka aikata a fagen fama, sai ya miƙe ya ce a cire sunansa, duk wanda ya zalunta ya kai shi kotu.