Ƙorafi a ICANN: hanya tana nan, amma mai kuɗi ne ke iya bin ta

ICANN, ƙungiyar da ke Los Angeles, ita ke yanke wanda zai riƙe ƙarshen adireshin intanet irin su .com da .africa. Wanda hukuncinta ya cutar yana iya kai kuka ga jami'in sauraron koke, amma shawara kaɗai shi yake bayarwa. Yana iya shigar da takardar neman sake duba hukunci cikin kwana 30, sai dai wani kwamitin hukumar gudanarwar ICANN ɗin ne ke duba ta, wato wanda ake ƙara shi ne alƙali. Matakin da ke da ƙarfi shi ne IRP, wato tsarin bitar hukunci mai zaman kansa, inda alƙalan sasanci uku daga waje ke auna ko ICANN ta bi dokokinta.

Rikicin .africa ya nuna yadda abin ke tafiya. Kamfanoni biyu suka nema a 2012, kowanne ya biya dala 185,000: ZACR na Afirka ta Kudu, wanda Tarayyar Afirka ta mara wa baya, da DotConnectAfrica. A taron ICANN na Beijing a 2013 kwamitin gwamnatoci da ke ba ta shawara ya ba da shawarar a yi watsi da neman DotConnectAfrica, hukumar gudanarwa ta amince. Kamfanin ya garzaya IRP. Ana cikin shari'ar, a Maris 2014, ICANN ta sa hannu a yarjejeniya da ZACR, har sai da alƙalan suka ce ta dakata. A Yulin 2015 suka yanke cewa ICANN ta saɓa wa dokokinta, don ta karɓi shawarar gwamnatoci ba tare da bin ba'asi ba. Aka ci gaba da tantance DotConnectAfrica, ya kasa nuna goyon bayan kashi 60 cikin ɗari na gwamnatocin nahiyar, ZACR ya karɓi .africa a 2017.

Ni ban ga laifin sakamakon ba. Abin da ke damuna shi ne shekarun da nahiyar ta yi tana jira, da kuɗin lauyoyin da ƙaramar ƙungiya a Kano ko Yamai ba za ta taɓa iya biya ba. Gyaran dokokin ICANN na 2016 ya sa hukuncin IRP ya zama tilas a kanta, dokokin kuma suna da burin kammala shari'a cikin wata shida, abin da ba kasafai ake cimmawa ba. Saura a haramta sa hannu a yarjejeniya muddin akwai ƙara a gaban IRP, a kuma ware asusun ɗaukar lauya ga masu ƙaramin ƙarfi.