Kafin ka ce an cuce ka a cinikin laftof

Yawancin samarin da ke kukan an cuce su a cinikin laftof ɗin gem, babu wanda ya cuce su. Katin girafik na kamfanin NVIDIA, mai sarrafa hotunan gem, da suka biya kuɗinsa yana nan a ciki, barci kawai yake yi. Irin wannan laftof tana zuwa da katin girafik biyu: ƙarami na Intel ko AMD da ke cikin furosesa, mai cin wuta kaɗan, da babba mai zaman kansa, wato na NVIDIA ɗin. Tun 2010 NVIDIA ta fito da tsarin Optimus da ke zaɓar wa kowace manhaja katin da za ta hau, kuma ba kullum yake dacewa ba. Sai ka ga eFootball na cijewa a injin da ya isa ya ɗauki GTA V.

Gyaran ko sisi ba ya ci. A Windows 10 ko 11 ka shiga Settings, System, Display, Graphics, ka nemo gem ɗin, ka ba shi High performance. Fayil ɗin gem ɗin kansa fa, ba manhajar Steam da ke buɗe shi ba. Wasu har yau NVIDIA Control Panel suke wa wahala, alhali tun sabuntawar Windows 10 ta 2020 zaɓin Windows ne ke gaba da nata. Don ka tabbatar, buɗe Task Manager gem yana gudana: GPU 0 galibi shi ne ƙaramin, GPU 1 babban, wanda lambarsa ta tashi shi ke aiki. In na biyun bai fito ba sam, akwai alamar wanda ya yi wa injin fomat bai sa direban katin ba, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki.

A nan Ingila inda nake zaune, daga nan magana ta ƙare. Wuta ba ta yankewa, ɗaki da sanyi, caja kuma ta asali ce. Shi ya sa masu bidiyon koyarwa suke cewa a ɗora komai da komai kan babban kati a huta. Su kam sun huta. Ƙanena a Birnin Kebbi ya bi wannan shawarar, sai ga kiransa: "Yaya, duk abin da suka ce na yi, gem na nan yadda yake, batir kuma ko Magariba zuwa Isha'i ba ya kaiwa."

Ai dole. Da zarar an ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, da kanta take rage wa babban katin ƙarfi, tsarin Battery Boost na NVIDIA mai tattalin batir ma kan tsayar da gem a hoto 30 cikin daƙiƙa. Ga burauza da WhatsApp da ya ɗora wa katin ba gaira ba dalili, suna ta zuƙe cajin da ya kamata ya yi karatu da shi. Sai batun caja, wanda ban taɓa jin mai bidiyo ya ambata ba. Laftof ta hannu takan zo da duk cajar da bakinta ya shiga. Injin mai GTX 1650 yana son wajen wat 120 ko fiye, a haɗa ka da mai wat 65. Wasu injinan suna gane haka su ja birki. Sannan zafi. Daga Maris zuwa Mayu Birnin Kebbi kan haura digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, yaro kuma ya ɗora laftof a kan katifa. Katin da ya yi zafi rage gudu yake yi don kada ya ƙone, duk saitin da ka yi masa.

Ni a ganina, ɗan gida ya zaɓi babban kati ga gem kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, sauran manhajoji su zauna kan ƙaramin. Ya buga in akwai wuta ko inji ko sola, ya ɗaga bayan laftof ɗin iska ta shiga, ya kai a buɗe fanka a share bayan hunturu.

Akwai wani bambancin kuma. A nan Ingila, wanda ya sayi kaya daga ɗan kasuwa ta intanet yana da kwana 14 ya mayar. A gida kuwa in ka fita daga shago, sai dai roƙo da "Alhaji a duba". Don haka tun kan teburin mai shago za ka jona cajar da zai ba ka, ka karanta wat ɗin da ke jikinta, ka kunna gem, ka ga GPU 1 ya motsa, sannan ka tura kuɗi.