Miskilin Talabijin da Goggon da Ta Riƙe Ni

Daren jiya wuta ta ɗauke tun kafin isha'i, zafin Sakkwato kuma kun san shi a wannan lokaci, ɗaki ba ya shiguwa. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, 'yan matana biyu suka jingina waya a jikin kwano suna kallon wani shiri mai dogon zango da suke bi duk mako. Ina gefe ina fifita. A cikin shirin, amarya ta kawo wa angonta abinci, ko kallonta bai yi ba, ya ture tiren da ƙafa, ya ce wa ya ba ta izinin shigo masa ɗaki. Ta fita tana kuka. Tana fita sai aka saki wani sanyin kiɗa, ya jawo kwanon ya ci, ya tsinci ɗan kunnenta da ya faɗi ya jefa a aljihu. Babbar tawa, mai shekara 17, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Mama, wallahi yana sonta!" Tun daga lokacin maganar take cina, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ni ma ina son irin waɗannan mutanen a shiri, ba zan ɓoye ba. Tun zamanin da sai ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tasha, muna cincirindo a gidan maƙwabta gaban NTA Sakkwato, wanda ya fi tsawa shi muka fi so. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, in ya daka tsawa yara har ɓuya suke yi, amma babu wanda ya taɓa ƙinsa, don kowa yana hango mutumin kirki a bayan hargagin. Da Arewa24 ta zo a 2014, ga kuma fassarar finafinan Indiya, ga shirye-shiryen da ake sakewa a YouTube mako-mako, sai wannan hali ya samu sabuwar riga. Yanzu sunansa miskili: kyakkyawan saurayi mai kuɗi, mai tsare gida, wanda magana ke yi wa wuya. In mace ce a ce jan aji take yi. Ƙaramar tawa mai kallon zane-zanen Japan ta gaya mini su ma suna da suna na musamman, tsundere, daga kalmomi biyu, ɗaya na nufin kau da kai da ɗaure fuska, ɗayar kuma narkewa cikin so.

Amma mu ba mu buƙatar Japan ta koya mana wannan. A cikinsa aka haife mu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma in yana kuka sai ta kau da kai har wani ya ɗauka. Wa zai ce ba ta sonsa? Kaka tana ganin jikanta ta ce ga malalacin mijinta nan da ba ya kawo cefane, ita ce kuma mai ɓoye masa ƙanzo. Taubasai su yi ta yi wa juna tsiya, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, baƙon da bai sani ba ya ɗauka gaba ce. Mu mutane ne da so yake jin kunyar fitowa tsirara, sai ya yafa mayafin faɗa ko na zolaya. A nan Sakkwato, inda kunyar Fulani ta gauraya da kawaicin Hausawa, abin ya fi kauri. Don haka in muka ga mai murtuke fuska a talabijin yana share hawaye a ɓoye, wani namu muke gani, uba ko kawu ko malamin allo.

Ni Goggona nake gani. Ina shekara bakwai aka kai ni riƙo wurinta a cikin gari, ba nisa da Hubbare. Ban taɓa jin ta kira ni da wata kalma mai taushi ba. "Ke, mi kinka tsaya yi nan?" Shi ne gaisuwarmu ta safe. In na share tsakar gida ta ce kaza ma ta fi ni iya tona. In na dawo makaranta da sakamako mai kyau ta karɓi takardar ta juya ta, ta ce, "To, sai ki tahi ki wanke tukwane da ita." Na sha kuka a bayan ɗaki, na sha roƙon Allah ya sa Baba ya zo ya mayar da ni gida.

Sai da na kai ajin ƙarshe na sakandare na fara ganewa. Kuɗin jarrabawa ya gagara, Baba ba shi da hali a shekarar. Ranar da za a rufe karɓa, Goggo ta miƙo mini ƙullin kuɗi a gefen zane ba tare da ta dube ni ba, ta ce in na faɗi kada in sake in dawo mata gida. Da yamma na lura turken akuyarta babu kowa. Akuya ce mai ciki, ita kaɗai ce dukiyarta, ta sa an kai ta kara an sayar. Daga nan idona ya buɗe, na fara tuna abubuwa a baya. Lokacin da ƙyanda ta kama ni, wace ce nake farkawa cikin dare in ga tana zaune tana yi mini fifita, da na motsa sai ta tashi ta ce sauro ne ya hana ta barci? Wa ke bar mini hura mai nono a ƙwarya ta ce wai ta yi mata tsami? Ba don ƙi kaza ke taka ɗanta ba, haka manya suka ce, kuma a kan Goggo na yarda.

To ga inda na rabu da miskilin talabijin. Harshen Goggo ne mai kaifi, hannunta bai taɓa cutar da ni ba. Ba ta taɓa hana ni abinci ba, ba ta taɓa tozarta ni a gaban baƙi ba, duk wahalar son da take ɓoyewa a kanta take sauka: ita ta rasa barci, ita ta rasa akuya. Miskilin da 'ya'yana suke kallo kuwa, yarinyar ce ke biyan kuɗin sonsa. Ita ke kuka, ita ke kwana da yunwa, ita ake mari, ita ake kora gidansu. Shi abin da ya kashe bai wuce ɗan kunne a aljihu da tagumi na minti ɗaya ba. Kashi talatin ana gasa mata aya a hannu, a kashi na talatin da ɗaya ya durƙusa ya ce tun ranar farko yake sonta, mahaifiyarsa ce ta rasu yana ƙarami shi ya sa zuciyarsa ta bushe. Shi ke nan an yafe, an yi kiɗa, masu kallo sun yi barci da murmushi.

Na san dalilin da ya sa masu shirya fim suke jan abin haka. Shiri mai fita duk mako yana rayuwa ne da jiran mai kallo. Ranar da miskili ya buɗe baki ya faɗi gaskiya labari ya ƙare, talla ta ƙare, masu danna bidiyo sun watse. Dole a riƙa ɗiga mana zuma kaɗan-kaɗan: yau ya rufa mata bargo tana barci, mako mai zuwa ya biya kuɗin asibitin mahaifinta a ɓoye, a tsakani kuma a ƙara zafin wulaƙancin don ɗigon ya yi zaƙi. Sana'a ce, ban ce kada su ci abinci ba.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne dabarar da ake amfani da ita, domin dabara ce da babu ita a rayuwa. Kyamara tana bin miskili har cikin ɗakinsa. Mu masu kallo mun ga ya ci abincin, mun ga ɗan kunnen, mun ji kiɗan da ke gaya mana abin da ke ransa. Muna da tabbacin da ita amaryar ba ta da shi, shi ya sa muke jure ganin ana wulaƙanta ta. Amma yarinyar da aka kai ɗaki a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, wa zai nuna mata abin da mijinta yake yi bayan ta fita? A gida babu kyamara. Abin da ke hannunta kawai shi ne maganar da ya faɗa mata da abin da ya yi mata. In ta saba tun tana ƙarama da cewa duk mai ture tire yana da ɗan kunne a aljihu, za ta shekara goma tana jiran kashin ƙarshe da ba zai zo ba.

Ba daga sama nake faɗa ba. Akwai wata 'yar uwa da na gani da idona, yarinya mai fara'a, aka aurar da ita ga wanda ba ya amsa gaisuwarta. Duk zuwan da za ta yi gida da ƙorafi, amsar ɗaya ce: "Miskili ne, haka halinsa yake, irinsu in suka so mace ba su iya kaɗan ba, ki yi haƙuri." Ƙawayenta ma har sha'awar abin suke yi, suna ce mata ta samu irin na fim. Ta yi haƙurin har ta rame ta fita hayyacinta. Da auren ya mutu babu wani ɓoyayyen so da aka tarar a ƙarƙashi. Mutum ne kawai da ba ya ganin darajarta, kuma tun ranar farko ya nuna mata hakan a fili, mu ne muka fassara mata shi da wani yare.

Har a kan Goggo ma, da nake yabo, akwai abin da ba zan rufe ba. Mu biyu ta riƙa, ni da ɗan ƙaninta. Shi bai kai ga ganin ranar akuya ba. Yana shekara 13 ya gudu ya koma ƙauye wurin dangin uwarsa, har yau in aka ambaci sunanta fuskarsa canzawa take yi. Na tabbata yadda ta so ni haka ta so shi, na ga yadda ta daina cin abinci kwana da kwanaki bayan tafiyarsa. Amma shi bai gani ba, kuma ba ta taɓa faɗa masa ba. Son da aka ɓoye da kyau har wanda ake yi dominsa bai same shi ba, wa ya amfana? Wannan ɓangaren ne ban taɓa gani a talabijin ba. A can kullum saƙon yana isa kafin a rufe labari.

Masu cewa ai al'adarmu ce, ɓoye so shi ne mutunci, ina girmama su, amma su tuna ba ita kaɗai muka gada ba. Hadisi ne ingantacce cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. An kuma umarce mu, in mutum yana son ɗan'uwansa ya sanar da shi. A aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana, Allah ya gaya wa Annabinsa da ya kasance mai kaushi mai busasshiyar zuciya da mutane sun watse daga gare shi. Kuma a garin nan namu, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda babu mai koya mata kunya, ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta zuba ƙaunarta da hawayenta a takarda kowa ya karanta. Mutuncinta bai ragu da ƙwayar gero ba.

Roƙona ga marubutan shirye-shiryenmu, da masu rubuta littattafan da 'yan mata ke turawa juna a WhatsApp, kada ku daina kawo mana mai kaushin baki, muna da su a gidajenmu kuma muna son ganinsu. Amma ku ba mu shi yadda yake. Ku nuna mana tsohon da ke faɗa da ɗansa da safe, da azahar ya tafi kasuwa cikin rana ya ciyo bashi saboda shi. Ku nuna mana uwar miji mai mita wadda ke tashi da asuba ta dafa wa surukarta ruwan wankan jego. Ku bar kaushin a harshe, ku sa nauyin a wuyan mai son. In kuwa jaruminku ya ɗaga hannu ya mari mace, ko ya zage ta da iyayenta, ku cire wannan kiɗan mai sanyi daga ƙarƙashinsa. Kuma ko sau ɗaya ku yi ƙarfin halin rubuta wanda ya makara, ya zo da maganarsa mai daɗi bayan an riga an tafi.

Da shirin ya ƙare jiya na tambayi babbar tawa, in ita ce amaryar, ba ta ga ya ci abincin ba, ba ta ga ɗan kunnen ba, da me za ta san yana sonta? Ta buɗe baki ta rufe. Ta ce za ta yi tunani. Ban matsa mata ba.

Goggo tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, idon ma ya yi rauni. Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta, na zauna a bakin gadonta, na kama hannunta na ce, "Goggo, ina sonki, kuma na san abin da kika yi mini, Allah ya saka miki da Aljanna." Ta zare hannunta ta ce, "Ke, rabu da ni da zancen banza, tashi ki tahi gidanki yamma ta yi." Na fito na kusa kai bakin titi, sai ga wani yaro da gudu yana kira na, riƙe da kwalbar man shanu da ƙullin daddawa, wai in ji Goggo in kai wa ɗiyana, kuma in dawo mata da kwalbarta.