Ga Ƙannena Masu Zama da Matasan da Aka Cuta Tun Suna Yara

Assalamu alaikum. Ƙannena da kuka karanci halayyar ɗan Adam ko jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuka fara zama da mutane a asibitoci da ƙungiyoyin agaji, yau da ku nake. Amma bari in fara da laifina kafin in taɓo naku.

A shekarata ta farko a wannan aiki, wani saurayi ya zo wurina da ciwon kai da rashin barci, da wani zafi da ya ce yana yi masa yawo a jiki. An auna maleriya, an auna taifot, ba a ga komai ba. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, karatu na ɗibata, na hango akwai abin da ke ƙasa, sai na kama tono. Tambaya a kan tambaya. Kafin awa guda ya amayar min da abin da aka yi masa yana ƙarami, wanda ko mahaifiyarsa ba ta sani ba. Na koma gida ina ganin na yi bajinta. Sai da aka yi watanni kafin in sake sa shi a ido. Ya ce min tun daga ranar barci ya ƙaurace masa gaba ɗaya, ƙwayar da ya daina sha kuma ya koma mata. Na ɓare masa miki ne, na sallame shi ya hau adaidaita sahu da shi a buɗe.

Na daɗe kafin in gane inda na kauce. Ku duba yaran nan da kyau. Wanda gardi ya riƙa zanewa da dorina har fata ta tashi, da 'yar riƙon da ake hana wa abinci in ba ta sayar da tallarta ba, da wadda wani na gida ya riƙa rufe ƙofa da ita, da wanda ya kwana a daji ranar da aka ƙone garinsu: abu guda ya haɗa su. Wani babba ya yi abin da ya ga dama da su, ba wanda ya tambaye su. To idan yaron nan ya girma ya zauna gabanka, kai ma babba ne, ga tebur, ga biro, ana ce maka likita ko da ba likita ba ne kai. In ka ce ya faɗa, zai faɗa, don an tarbiyyantar da shi a kan ba a musu da na gaba. Wannan "to, likita" da kake ji ba yarda ba ce. Irin "to" ɗin da ya saba cewa ne don ya tsira. Ranar nan ni ma na ƙwace wa saurayin nan linzami, kamar yadda wanda ya cuce shi ya yi, sai dai ni da murmushi na yi.

Kuma suna da yawa. Yaran da suka gudo daga Gwoza da Bama a 2014 a ƙafa, yanzu samari ne da 'yan mata, wasu har sun yi aure. Ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 sun girma. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, cikinsu har da ƙananan yara. Waɗannan su ne aka ji labarinsu a rediyo. Mafi yawan waɗanda za su zo muku kuwa a cikin gida aka cuce su, babu ɗan jarida a kusa.

Kada ku ɗauka abin namu ne mu kaɗai, ko na talauci ne kawai. A Amurka, tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya sama da 17,000 a San Diyego, yawancinsu masu rufin asiri, a kan abin da suka gani a ƙuruciya: duka, lalata, gidan mashayi, gidan da ake jibgar uwa. Kusan kashi biyu cikin uku sun ga aƙalla ɗaya. Waɗanda suka haɗa huɗu ko fiye kuwa, shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai sun ninka a cikinsu, har ciwon zuciya da na hanta sun fi kama su. Shi ya sa wanda ya zo maka da "jikina ne ke zafi" ba ƙarya yake ba. Hausawa sun riga kowa faɗa: wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Jikin da ya tashi cikin tsoro a shirye yake kullum, ƙarar ƙofa ko warin wani turare ya isa ya mayar da shi ɗakin da aka cuce shi, gaba na faɗuwa, tafin hannu na gumi, alhali yana zaune a aji.

Don haka aikin farko ba labari ba ne. Tun 1992 Judith Herman, wata likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, ta jera matakan warkewa uku, kuma ta sa aminci a gaba, sannan tuno abin da ya wuce da yi masa kuka, sannan komawa cikin jama'a. Aminci kuwa abu ne na zahiri. A ina yake kwana? Wanda ya cuce ta yana nan a gidan har yanzu? Yana cin abinci? Tramol nawa yake haɗiya kafin ya iya fita? Ka koya masa yadda zai ja numfashi a hankali in firgici ya taso, ya taka ƙasa da ƙarfi, ya ambaci abubuwa biyar da idonsa ke gani a ɗakin, har ya dawo yau. Ana iya cinye makonni a nan kawai. Ba ɓata lokaci ba ne, ko da mai ba da kuɗin aikinku yana matsa muku da adadi.

In lokacin labari ya yi, akwai hanyar da na fi so, wadda masana na Jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara, suka gwada ta da 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, ita ce rayuwar mutum. Shi da hannunsa zai ɗora dutse a kowane wuri mai ɗaci, fure a wurin daɗi, sauran igiyar a bar ta a naɗe, kwanakin da ba su zo ba ke nan. Abin da ya burge ni, shi ke zaɓen girman dutsen. Sai ka ga wanda ka zata zai ɗauki babba don ranar hari, ya ajiye shi a ranar da ya faɗa wa gwaggonsa ta ce ya rufe mata baki kada ya tona asirin gida. Amma kada wanda ya taɓa wannan hanya sai ya samu horo a kanta, kuma da na gaba da shi yana duba aikinsa.

Sai maganar haƙuri, wadda na fi jin kuna tuntuɓe a kanta. Yarinya ta fara kuka, kai kuma kukan ya dame ka, sai ka ce "ki yi haƙuri, ƙaddara ce, ki yafe." Ka tambayi kanka, don ita ka faɗa ko don kukan ya tsaya? Wannan kalma ta ji ta daga bakin duk wanda ya so ta yi shiru. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ya ambaci haƙuri mai kyau, kuma shi ne ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, bai zama marar imani ba. Yafiya kuma haƙƙinta ne, in ta so ta bayar, a ranar da ta so. A ɗaya gefen, kada boko ya sa ka yi wa mutum dariya don ya je ruƙiyya ko ya sha rubutu. In addu'a na kwantar masa da hankali, ka ƙarfafa shi. Inda za ka tsaya da ƙafarka shi ne inda ake duka ko ɗauri da sunan fitar da iska.

Amana. Wallahi ina jin kunya in na ga ɗayanmu ya tashi daga zama ya hau Facebook yana "yau wata baiwar Allah ta zo min," da unguwa da shekaru da sana'ar uba. A garuruwanmu wannan ya isa a gane ta, kuma aurenta kake wasa da shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Uba zai zo ya ce shi ya biya kuɗi, a faɗa masa abin da ɗansa ya ce; ka tarbe shi da girmamawa, ka ba shi kujera, amma ɗan shekara ashirin sirrinsa nasa ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta tsaya a kan yarda da sirrin marar lafiya. Iyakar sirrin ka faɗa masa tun zaman farko: in ransa ko ran wani na cikin haɗari, ko akwai ƙaramin yaro da har yanzu ke hannun macucin, ba za ka yi shiru ba. Wanda ke jin muryoyi ko ya shirya yadda zai kashe kansa kuwa, ya fi ƙarfin hira, ka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a Dawanau, ko Barnawa, ko Kware, ko Maiduguri, duk wanda ya fi kusa.

Kai ma ka samu wanda kake sauke wa naka nauyin. Ranar da ka fara mafarkin labarin wani, ko ka ji kana tsawata wa 'ya'yanka ba dalili, ka rage zama.

Saurayin nan da na ce muku, da ya dawo na ba shi haƙuri, na ce yau shi zai faɗi abin da za mu yi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce in bar ƙofa a buɗe, kuma yana so ya zauna a kujerar da ke kusa da ita. Muka yi musayar wuri. Ranar hirar ƙwallo kawai muka yi, da yadda zai samu barcin awa uku.