Ƙannena mata, ku saurari wagga magana ta giya da kansar mama

Salamu alaikum 'yan uwana mata, musamman ku ƙannena na jami'a da kwaleji. Kada wata ta ce min ai nan Sakkwato ne ba a shan giya, wallahi ana sha, ɓoyewa dai aka yi. Ana juye ta cikin robar lemu wurin bazday, ga 'yar ƙaramar ta leda, ga bitas ɗin nan da anka ce maganin basir da ciwon mara ne, alhali in kin karanta jikin kwalbar zaki ga da giya anka haɗa shi.

Haramcinta kun sani tun islamiyya. Abin da ba a gaya muku shi ne ɓarnar da take ma jikin mace. Tun 1988 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa ta sa giya sahu ɗaya da taba sigari wajen haddasa ciwon daji, kuma a 2007 ta ƙara kansar mama cikin cututtukan da giya ke haddasawa. In kin sha, hanta na maida ita wata guba mai lalata ƙwayoyin halitta, sannan tana ƙara sinadarin jikin mata da ake ce ma estrojin a jini, shi kuwa akwai kansar mama da yawa da shi ke ciyar da ita. Kofin giya guda kullum yana ƙara haɗarin da wajen kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari, kina ƙara sha yana ƙara hawa. Masu cewa jar giya ta 'yan gayu ce tana gyara zuciya, ita ma tana cikin lissafi, hukumar ta faɗa a 2023 babu wani ɗan kaɗan da za a ce lafiya lau ne.

Amma don Allah kada mu ga baiwar Allah da ciwon nan mu fara zunɗe. Iyayenmu nawa sunka kamu ba su taɓa jin ko warinta ba? Akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙiba. Giya dai ita ce wadda ke hannunki.

Kuma in kin shafa kin ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fidda jini, bar batun shafe-shafe da kunya, ki kama hanyar asibitin koyarwa na UDUTH a duba ki. In likita ya tambaya ko kina sha, gaya mai gaskiya, sirrinki ne ba zai kai gida ba.