Don Allah a daina ɗura wa tsuntsu ruwa a baki

Jama'a akwai kuskuren da muke yi da sunan tausayi, da an tsinci tsuntsu ya ji rauni sai a buɗe masa baki a ɗura ruwa, wasu har madara, wai don ya farfaɗo. Wallahi sau da yawa ruwan nan ne ke ƙarasa shi. Ka leƙa bakin kaza da kyau, akwai wata 'yar kafa a gindin harshe tana buɗewa tana rufewa, to hanyar numfashi ke nan, nan ruwan yake bi ya sarƙe shi. Madara kuwa cikin tsuntsu ba ya narkar da ita yadda ya kamata.

Bara bayan yankan shinkafa a fadamar Argungu yara suka kawo min kurciyar da suka harba da danƙo, fiffike ɗaya na jan ƙasa, ƙirjinta sai dakan uku-uku yake a tafin hannuna. Kwali na samu na huhhuda, na shimfiɗa tsumma na aje ta a ɗaki mai duhu, nesa da kyanwa, nesa da kajina kuma saboda murar tsuntsaye. Sai da ta natsu na sa mata ruwa a murfin kwalba da ɗan gero, ta sha da kanta. Fiffiken kuma malamin dabbobi ne ya ɗaure shi.

Sati uku ta yi. Da na ga tana kewaya ɗakin sama-sama, da sassafe na mai da ita inda aka same ta na buɗe kwalin, ta ɗan tsaya tana waige-waige sannan fir, sai kan gawo.