Ranar da Keke Ya Hau Ni

Da na ga an rubuta "10%" a taswirar hanyar, dariya na yi. A makaranta wanda ya ci 10 bisa 100 ai ɓoye takardarsa yake yi, to me goma za ta yi mini? Sai a kwana na uku na tafiyar, ina gindin tsaunin, na gane lissafin: duk mita 100 da ka yi gaba, ka haura mita 10 sama. Haka kuma har kilomita 9, babu sassauci.

Mai gyaran keke ya gargaɗe ni tun kafin in tashi. Ya ƙirga haƙoran giyata, ta gaba 34, ta baya 28, ya ce mai kaya a kan tudu yana son ta baya ta fi ta gaba haƙora. Na ce masa ƙafafuna za su cike giɓin. Ya dubi ƙafafun, ya dubi kayan, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Kayan kuwa kilo 28 ne: tanti, bargo biyu, tukunya, littattafai uku, har da kujerar naɗewa wai don in zauna a ƙololuwa in sha kallo.

Kilomita biyu kacal na yi ina taka feda. Giya ta ƙare, ina ta danna abin canjin kamar zai haifo wata. Tayar gaba ta fara ɗagawa saboda nauyin baya. Ina cikin wannan haki sai ga wani dattijo da sandarsa, a ƙafa, ya zo ya wuce ni. Ya waiwayo.

"Sannu yaro. Keken ne ya lalace?"

"A'a Baba, mai keken ne."

Na sauka na kama turi. Na rarrashi kaina da cewa ko Octave Lapize, wanda ya lashe gasar tseren keke ta Tour de France ta 1910, turin kekensa ya yi a kan tsaunin Tourmalet na ƙasar Faransa. Sai dai shi bai ɗauko kujera ba. Da na cim ma Baba yana hutawa, na kwance kujerar, da tukunyar, da wata baƙar jaka da ban ko buɗe ba, na ce tsaraba ce. Ya sa mini albarka har sau uku.

Sau huɗu ina hango ƙarshen hawan, ina isa sai wani tudun ya leƙo daga bayansa. Da na kai sama, rigata sharkaf da gumi, sanyi ya karɓe ni, don duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6. Kallon da na zo yi, hazo ya rufe shi.

Sai gangara. Tsoro ya sa na damƙe birki ban saki ba, alhali ana kamawa ne ana saki don wili ya huce. Robar birki ta fara ƙauri, wili ya yi zafin da ba ya taɓuwa, can sai na ji fam! Tub ya fashe.

Na zazzage jakunkuna duka a gefen hanya ina neman famfo da kayan faci. Sai na tuna baƙar jakar nan.

Haka na turo shi har ƙasa, ina riƙe shi kada ya gudu ya bar ni.